Injiniyan da ke son komawa karatun fiziks: ya ajiye aiki ko ya riƙe?

Wani ƙanena a sana'a, injiniyan lantarki da ke aiki a wata masana'anta a Sharaɗa, ya same ni a ƙofar gida bayan sallar isha'i. Da muka gama gaisawa ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, so nake in ajiye aiki in koma makaranta in karanta fiziks, kamar yadda ka yi." Shekararsa 29, albashinsa na shigowa duk ƙarshen wata, kuma har an kai kuɗin aurensa.

Na tambaye shi abin da ya kawo wannan tunani, sai ya ba ni labarin farantan sola da suka kafa a rufin ma'aikatarsu. A watan Afrilu, da tsakar rana, daidai lokacin da rana ta fi ƙwallewa, sai wutar da farantan ke bayarwa ta gaza abin da aka rubuta a jikinsu. Ya san maganin abin a matsayinsa na injiniya. Farantin silikon yana rasa wajen kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa duk lokacin da zafin jikinsa ya ƙaru da maki ɗaya sama da 25 a ma'aunin zafi na Salsiyas, don haka sai ka ƙara yawan faranti, ka ɗaga su iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa, ka sa a riƙa share musu ƙura da hunturu. Ya yi hakan, aiki ya tafi daidai, oga ya yaba. Amma tambayar ta ƙi barinsa ya yi barci: me zafin yake yi wa silikon ɗin a can ciki?

Na gane wannan ciwo, don ni ma ta ƙofar nan na bi. Shekara shida na yi ina kula da janareto da taransifoma kafin in koma aji, kuma yau koyarwa nake yi. Ban yi nadama ba. Sai dai da a ce wani ya zaunar da ni ya auna min lamarin tun farko, da na rage wa kaina da iyalina wahalar aƙalla shekara biyu. Abin da na faɗa masa a daren nan da sauran dararen da suka biyo baya shi ne zan shimfiɗa a nan.

Mu fara da farantin nan, don a cikinsa bambancin sana'o'in biyu yake. Injiniya ya tsaya a inda wuta ta wadata. Mai fiziks kuwa daga nan aikinsa ya fara. Zai ce maka a cikin silikon akwai wani gibi na kuzari, wajen ilektron-bolt 1.1, da dole ilektron, wato ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, ya tsallake kafin ya zama wuta mai gudana. Haske ake so ya tsallakar da shi, amma idan zafi ya yi yawa sai wasu su riƙa tsallakewa da kansu suna komawa, kuma wannan yoyon ne ke jan bolt ƙasa. Zai ƙara maka da cewa tun 1961 wasu masana biyu, Shockley da Queisser, suka nuna da lissafi cewa faranti mai hawa ɗaya, komai kyawunsa, ba zai iya mai da fiye da wajen kashi ɗaya bisa uku na hasken rana ya zama lantarki ba. Wannan bayani yana da daɗin ji. To amma wanda ya shiga digiri na biyu ba bayanin za a ba shi ba, alƙalami za a miƙa masa a ce ya fito da shi daga tushe, layi bayan layi, har shafi goma. Masu jin daɗin labarin fiziks suna da yawa a Kano, musamman yanzu da YouTube ya cika da bidiyon taurari da baƙin rami. Masu jin daɗin zama da lissafin da ya ƙi fita kwana huɗu kaɗan ne. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Rayuwar yau da kullum ma ba ɗaya ba ce. A masana'anta, idan layi ya tsaya da ƙarfe goma na safe, kafin azahar ka san ko ka gyara ko ba ka gyara ba. Mota ta tashi, kaya sun fita, ma'aikata sun koma bakin aiki, ka tafi gida da sanin cewa yau ka amfani mutane. Wannan daɗin na yi kewarsa ƙwarai a shekarata ta farko. A bincike kana iya kwashe wata uku kana bin hanya ɗaya, daga baya ka gano ba ta ɓullewa, kuma babu wanda ya ga zufar da ka yi. Mutumin da ya saba da ganin sakamakon hannunsa kafin magariba ya kamata ya auna wannan da gaske. A ɗaya ɓangaren, aikin masana'anta yakan zama maimaici bayan shekara huɗu ko biyar. Matsalolin su ne dai na jiya: wutar kamfanin rarraba lantarki na KEDCO ta zo da rauni, dizal ya yi tsada, kayan gyara na jabu sun shigo. Idan kanka irin mai yunwar sabon abu ne, za ka fara jin kana tsufa a tsaye.

Sai maganar abin da kake ɗauke da shi a kai. Injiniyoyi kan yi kuskure iri biyu a nan. Wasu na ganin tunda sun yi shekara biyar a jami'a alhali mai fiziks huɗu ya yi, ai sun wuce shi. Wasu kuma na ganin daga sifili za su fara. Duka ba haka ba ne. Karatun fiziks na gaba da digiri yana tsaye ne a kan duwatsu huɗu: makaniks, wato ilimin motsin abubuwa, a salon Lagrange da Hamilton, ilimin lantarki da maganaɗisu a zurfafe, kwantum, wato ilimin halayyar ƙananan ƙwayoyi irin su ilektron, da makaniks na ƙididdiga wanda ke bayyana zafi daga motsin ƙwayoyin zarra. Wanda ya karanta lantarki shi ya fi kusa. Ya san lissafin Maxwell, ya saba da dabarun lissafi na Fourier da Laplace, lambobi masu sarƙaƙiya ba baƙi ba ne a wurinsa, kuma wannan sabon zai taimake shi sosai a kwantum, don abin da yake yi wa sigina shi ake yi wa igiyar ilektron. Wanda ya karanta makanikal ya san ilimin zafi, amma daga tebur ya saba ɗauko adadi, bai taɓa tambayar inda teburin ya samo su ba. Mai sibil shi ya fi nisa da kwantum, sai dai shi ya fi kusa da fiziks na ƙasa da duwatsu. Dukansu uku, kwantum da makaniks na ƙididdiga sababbi ne fil, kuma 'yan ajinsu da suka yi fiziks tun digirin farko sun riga su da shekara biyu a kansu.

Ni abin da ya fi ba ni wuya ɗabi'a ce, ba darasi ba. Injiniya an horar da shi ya yarda da ƙa'idar da aka rubuta, ya ninka ta da adadin kariya, ya wuce. Hakan daidai ne, don rayukan mutane na rataye a kan gada da waya, ba wurin gwada sabon tunani ba ne. A ajin fiziks kuwa duk ƙa'idar da ka ɗauko sai malam ya ce daga ina. Na yi zangon karatu guda ina jin kamar ana ɓata min lokaci kafin in fahimci cewa wannan "daga ina" ɗin shi ne karatun gaba ɗaya.

Kuma kada wani ya ce maka injiniya ba ya zama gwani a fannin. Paul Dirac lantarki ya karanta a Biristol ta Ingila, ya gama a 1921, ya rasa aiki, ya koma lissafi, sannan ya tafi jami'ar Kambirij, ya karɓi kyautar Nobel a 1933. John Bardeen ma injiniyan lantarki ne, ya yi shekara uku yana yi wa kamfanin mai na Gulf aikin binciken ƙasa, ya ajiye a 1933 ya tafi jami'ar Firinston ta Amurka digirin digirgir. Shi kaɗai ne ya taɓa cin Nobel na fiziks sau biyu, a 1956 saboda taransista da kuma 1972. Masu tarihi sun ruwaito cewa Ibnul Haisam ma da aikin tare kogin Nilu ya shiga Masar, da ya ga abin ba zai yiwu ba a zamaninsa ne ya zauna ya yi binciken haske da gani da ake ambatonsa da shi har yau. Amma ka lura da abu ɗaya: Dirac yana da shekara 19 ya gama digirinsa, Bardeen yana da 25 ya ajiye aiki, kuma babu ɗayansu da ke da buhun shinkafar gida biyu a wuyansa. Labarinsu hujja ce cewa ƙwaƙwalwar injiniya na iya ɗauka. Ba hujja ba ce cewa aljihunka zai iya.

Don haka mu zo kan lokaci da kuɗi, inda yawancin masu wannan buri ke kau da kai. Jami'o'inmu da yawa ba sa ɗaukar mai digirin injiniya kai tsaye zuwa mastas na fiziks, sai ya fara yin babbar difloma ta bayan digiri, wadda ake ce wa PGD, shekara guda. Mastas a takarda wata 18 ne zuwa shekara biyu, amma wanda ya gama a uku ba ya cikin waɗanda suka makara. Digiri na uku mafi ƙaranci shekara uku, sau da yawa biyar. Ka haɗa, idan mastas ya ci uku, ka ga shekara bakwai zuwa tara. Wannan idan ba a yi yajin aiki ba ke nan, ga shi kuwa na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Ƙanena mai shekara 29 zai fito da Dakta a gaban sunansa yana neman 38. A wannan tsakanin sa'o'insa da suka zauna sun yi rajistar COREN, hukumar da ke ba injiniyoyi lasisi, wasu sun zama manajoji, wasu sun buɗe kamfanin sola nasu suna karɓar kwangila. Na ce masa ya ɗauki albashinsa na wata ya ninka da watannin nan ya rubuta a takarda ya kalla. Ba don in tsorata shi ba, sai don ya san farashin abin da yake son saya.

A ƙarshen hanyar me ke jiransa? A ƙasar nan babban mai ɗaukar masu fiziks aiki makaranta ce. Mai mastas yana shiga jami'a ne a matakin mataimakin malami, mai digiri na uku a matakin malami na biyu, kuma kowa ya san shekarun da aka kwashe ana jan yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'a a kan albashinsu. Injiniyan da ya yi shekara biyar a masana'anta mai ƙarfi, idan ya koma koyarwa, da wuya kuɗin shigarsa bai ragu ba. Abin da koyarwa ke bayarwa daban ne: aikin da ba a korar mutum dare ɗaya don kasuwa ta faɗi, shekarun ritaya 65 ko 70 ga farfesa, 'yancin zaɓar tambayar da za ka bi, da ɗalibai. Ban raina na ƙarshen nan ba. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, tun da aka buɗe su a 1977, su suka cika Arewa da likitoci da injiniyoyi, kuma a bayan kowane ɗaya akwai malamin fiziks da ya tsaya masa. Bayan makaranta akwai hukumomi: ta makamashin nukiliya, ta sa ido a kan nukiliya, da ta binciken sararin samaniya da aka kafa a 1999. Guraben nan ba su da yawa, kuma ba a buɗe su kullum.

Tambayar "in tafi ko in zauna" ta yi faɗi da yawa, domin hanyar ba ɗaya ba ce.

Akwai hanyar gida ba tare da ajiye aiki ba. Ka sayi fom na Jami'ar Bayero, ko ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko Jami'ar Ahmadu Bello idan za ka iya jigilar Zariya, ka yi PGD kana riƙe da albashinka. Ma'aikacin gwamnati yana da damar neman hutun karatu, mai albashi ko marar albashi, kuma wanda ya cancanta bai nema ba ya cuci kansa. Na kamfani sai ya yi sulhu da ogansa a kan ranakun lacca. An ce ba a tauna taura biyu lokaci guda, kuma gaskiya ne, za ka sha wuya: aiki da rana, lissafi bayan isha'i, Asabar da Lahadi babu biki babu suna. Amma shekara guda ce, kuma a cikinta za ka san gaskiyar kanka da kuɗi kaɗan. Idan kwantum ya ƙi shiga, ko ya shiga amma ba ka ji daɗinsa ba, ka koma bakin aikinka babu abin da ka rasa sai barci. Raunin wannan hanya kayan aiki ne. Ni a jami'ar da na yi, na jira wata biyar kafin a gyara na'urar da zan auna samfurina, a ƙarshe sai aika shi na yi wata jiha da kuɗin aljihuna. Saboda haka kafin ka zaɓi makaranta ka zaɓi malami. Ka je da ƙafarka, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka tambayi ɗalibansa shekara nawa suka yi, yana karanta babi idan an kai masa, ya buga bincike a 'yan shekarun nan, na'urar da aikinka ke buƙata tana aiki yau ɗin nan. Sunan jami'a ba zai duba maka kundi ba.

Akwai kuma hanyar da nake ganin ta fi dacewa da mafi yawan injiniyoyi, wato rassan fiziks da ke maƙwabtaka da sana'arsu, inda shekarun da suka yi a fili jari ne. A nan zan ɗan tsaya. Fiziks na semikondakta, wato sinadarai irin su silikon, da makamashin rana: Kano na da rana da ƙura da zafi, tana da tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019 da mai megawat 10 a yankin Challawa da aka buɗe a 2023, ga dubban rufin gidaje da shaguna. Wanda ya hau rufi ya ɗaura faranti da hannunsa ya san tambayoyin da ɗalibin da bai taɓa riƙe mita ba bai sani ba. Fiziks na ƙasa: yawancin jihar nan a kan tsohon dutse take zaune, ruwa a tsagogi yake maƙalewa, shi ya sa ake haƙa burtsatse a ci kuɗi a tashi babu ɗigo. Auna yadda ƙasa ke tsayayya wa lantarki kafin a haƙa aikin mai fiziks ne, kuma kasuwarsa a buɗe take. Fiziks na asibiti: duk na'urar gashin ciwon daji tana buƙatar wanda zai lissafa adadin hasken da zai shiga jikin majiyyaci ya kuma tabbatar injin na ba da abin da ya ce, kuma ƙwararrun nan sun yi ƙaranci a ƙasar nan. Sai nukiliya: a Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike mai kilowat 30 da ta fara aiki a 2004, aka canza mata mai zuwa yuraniyom marar ƙarfi a 2018. Awa biyu ce zuwa uku daga Kano a mota, amma injiniyoyinmu da yawa ba su san da ita ba. A duk rassan nan, idan ka gama, ƙofar masana'antu ba ta rufe ba, ta makaranta kuma ta buɗe.

Sai babban tsalle, wato fiziks na nazari zalla: ƙwayoyin zarra, asalin sararin samaniya, kwantum mai zurfi. Wanda wannan ne ke cin ransa, rassan da na ambata ba za su ƙosar da shi ba, kuma ba zan yaudare shi ba. Hanyarsa ta fi tsawo, kuma kusan dole ta bi ta waje. A Abuja akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da aka buɗe a 2007, tana ba da mastas a wannan fanni. Akwai cibiyoyin ilimin lissafi na Afirka da ake kira AIMS, da suka faro a Afirka ta Kudu a 2003 suka bazu zuwa Sanagal, Gana, Kamaru da Ruwanda, mastas na shekara guda a ilimin lissafi, ci da sha da kwana duk a kansu, kuma suna karɓar masu digirin injiniya da lissafinsu ya yi ƙarfi. Akwai cibiyar fiziks na nazari ta duniya, ICTP, a Tiriyaste ta Italiya, wadda Farfesa Abdus Salam, ɗan Pakistan da ya ci Nobel a 1979, ya kafa a 1964 saboda masanan ƙasashe irin namu. Tana da difloma ta shekara guda da take ɗaukar nauyin ɗalibi baki ɗaya, kuma daga can ake tsallakawa digiri na uku a Turai da Amurka. Tana da reshe a Kigali tun 2018. A Amurka digiri na uku na fiziks yakan ci shekara biyar zuwa shida, ba ka biyan kuɗin makaranta, ana ba ka alawus kana taya koyarwa. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, amma sai ka nuna kuɗin zaman shekara a asusu, sama da yuro 11,000, kuma tun da aka saki naira a 2023 wannan adadi ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata.

Abu biyu ke tare injiniya a wannan ƙofa. Ɗaya shekaru: waɗannan shirye-shirye matasa suke nema, wasu ma da iyakar shekaru a rubuce, don haka mai 24 da ya gama bautar ƙasa bara, da sanyin safiya ake kama fara, ya nema yanzu kafin aiki da aure su ɗaure shi. Na biyu shaida. Za a nemi wasiƙa daga malaman fiziks da suka ga aikinka, da takardar sakamako mai nuna ka yi kwantum. Wasiƙar manajan masana'anta, komai yabon da ke ciki, ba ta amsa tambayar da suke yi. A nan ne PGD ko mastas na gida ke zama tsani ko ga mai niyyar fita. Tallafin asusun manyan makarantu, TETFund, na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, sai ka shiga koyarwa za ka same shi. Na asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF, ya karkata ga fannin mai da gas da makamashi. Gwamnatin Kano ta dawo da tura ɗalibai mastas a waje a 2023, amma masu sakamako mafi daraja aka ɗauka.

Akwai hanyar da ba a cika ambata ba, ita ce ka zauna a injiniyanci ka yi wa fiziks aiki. A cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta CERN da ke iyakar Faransa da Suwizalan, inda aka gano ƙwayar Higgs a 2012 a cikin zoben da ya kai kilomita 27, injiniyoyi da masu fasaha sun ninka masu fiziks yawa a cikin ma'aikatan dindindin. Na'urar hangen taurari ta MeerKAT a Afirka ta Kudu, mai faifai 64, injiniyoyi suka gina ta, su ke riƙe da ita. Mastas a injiniyancin kayan ƙira, ko na haske, ko na nukiliya, zai kai ka kusa da tambayoyin da kake so ba tare da ka koma bayan layi ba.

Maganar gida kuma ba ƙaramar magana ba ce, kuma ba na yarda da masu cewa mutum ya bi zuciyarsa kawai. Mahaifin da ya yi shekara biyar yana biyan kuɗin makaranta, ya ji daɗi ranar da aka fara kiran ɗansa Injiniya a unguwa, yana da haƙƙin a zauna a yi masa bayani. Ƙannen da kuɗin makarantarsu ke fita daga albashinka suna cikin lissafin. Matar da za ta zauna da ragin cefane shekara bakwai dole a ji ta bakinta kafin a yanke, ba bayan an yanke ba. Ni na yi wannan kuskure: sai da na miƙa takardar ajiye aiki sannan na gaya wa maiɗakina. Ta yi haƙuri, ta tsaya min, amma abin da na yi bai dace ba, kuma shekara biyun farko da muka sha da an iya kauce musu da na fara PGD ina aiki. 'Yan'uwana mata injiniyoyi nauyinsu ya fi haka, don karatun nasu yakan faɗo daidai shekarun haihuwa da reno. Ga wadda take wannan tunani, hanyar gida da malami mai fahimta ta fi sauƙin ɗorewa, sai dai idan maigida ya amince da tafiya tun farko, to kada ta raina kanta a gaban fom ɗin AIMS ko ICTP.

Komawa baya fa? Takardar injiniya ba ta ruɓewa, amma kasuwa ba ta jira. Bayan shekara biyu kana iya dawowa kamar ba ka tafi ba. Bayan bakwai, inbata da na'urorin sarrafa injin sun canza, kwastomominka sun sami wani, ogan da ya san ka ya yi ritaya. Shi ya sa na ce wa ƙanena ya kammala rajistar COREN kafin komai tunda shekarun aikinsa sun kai, ya ci gaba da biyan kuɗin shekara, ya riƙe ƙananan ayyukan sola na ƙarshen mako ko da ya koma makaranta. Sakin reshe a kama ganye shi ne a ajiye duk wannan saboda takardar shiga da ba a ma samu ba tukuna.

Gwajin da na ba shi mai sauƙi ne a faɗa. Ya nemi littafin kwantum da ake koyar da 'yan aji uku da shi, ya bi laccocin da jami'ar MIT ta Amurka ta sa kyauta a intanet, awa ɗaya da rabi kullum bayan asuba, wata shida. Sharaɗin shi ne ya warware tambayoyin ƙarshen kowane babi da alƙalami, ba tare da leƙa amsa ba sai ya kwana biyu a kai. Kallon lacca kaɗai ba ya cikin lissafi. Na ce idan a wata na uku ya ga yana neman uzurin tsallake asuba, ya gode wa Allah da ya nuna masa da wuri, ya ci gaba da karanta fiziks don nishaɗi, babu aibi a ciki. Idan kuwa ya tsinci kansa a cikin adaidaita sahu yana juya lissafin jiya a kai har ya wuce inda zai sauka, to ya yi istihara ya sayi fom.

Bayan wata biyar ya dawo da littafin rubutu biyu cike. Babi huɗu ya gama, na biyar ya tsaya masa a maƙogwaro, muka zauna a kan tabarma da fitilar waya muka yi awa biyu a kan tambaya ɗaya ta ƙwayar haidurojin. Ya sayi fom ɗin PGD, yana son ya bi ɓangaren semikondakta, kuma bai ajiye aiki ba. Ya gaya wa wadda zai aura, ta ce ta ji ta gani. Saura Baba, ya ce sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma ya roƙe ni in raka shi.